Wa ya auna rufin sama? Fashin baƙi kan iskar ozon da na'urar laida

Da gaske ne rufin ozon ya yage a kanmu, shi ya sa zafin Legas ya ƙi sauƙi? Idan kuma rufin yana warkewa, kamar yadda ake sanarwa duk 16 ga Satumba, wa ya hau can ya gani, kuma da wane mudu ya auna?

Ba ni na ƙirƙiri tambayar ba. A wani shagon gyaran firij a Agege na ji ta, ranar da na kai tawa ta daina sanyi. Mai shagon, dattijo ne da ya haura shekara ashirin a sana'ar, yana ɗaura tiyo a jikin tukunyar gas ya ce mini, "Malam, ku da kuka yi boko ku raba mana gardama. An ce gas ɗinmu ne ya huda sama, aka sauya mana wani. Aka dawo aka ce hujin yana rufewa. Jiya kuma yarona ya nuna mini a waya wai akwai wani rami a saman ƙasashenmu da ya fi na da girma. Wanne za mu kama?" Na ce, "Alhaji, a ba ni lokaci." Tambaya ce da ta cancanci amsa mai tushe, domin daga kan irin waɗannan awo ne ake yanke hukuncin gas ɗin da zai saya da wanda za a hana shi.

Mece ce ozon, kuma ina take?

Oksijin da muke shaƙa ƙwayoyi biyu ne a manne. Idan suka zama uku, ita ce ozon. Kusan kashi 90 cikin 100 nata yana cikin hawa na biyu na sararin sama, wanda masana ke kira sitiratosfiya. A yankinmu na kusa da tsakiyar duniya wannan hawa yana farawa ne daga wajen kilomita 16 ko 17 ya kai kilomita 50, sama da inda jiragen fasinja ke bi da nisa, ozon kuma ta fi kauri a wajen kilomita 25. Aikinta tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona fata, yake jawo yanar ido da sankarar fata, yake kuma cutar da amfanin gona.

Kalmar "rufi" tana ruɗar mutane, su ɗauka wani abu ne mai kauri kamar kwano. Da za a tattaro duk ozon da ke saman kanka a sauko da ita ƙasa a danne, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba. Wannan shi ne awo 300 a ma'aunin Dobson, wanda aka sa wa sunan masanin Jami'ar Oxford da ya ƙera na'urar aunawa a shekarun 1920. Abin da ake kira "rami" kuwa wuri ne da awon ya faɗi ƙasa da 220, kuma a saman nahiyar Antatika yake bayyana, tsakanin Satumba da Oktoba.

A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa gas ɗin CFC na firij da gwangwanin feshi zai haura can sama, hasken rana ya farfasa shi, kilorin da ke cikinsa ya dinga cin ozon. A 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka tabbatar da raguwar daga tashar Halley ta Birtaniya a Antatika. A 16 ga Satumba 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal, Najeriya ta shiga a 1988.

Batun zafi kuwa a raba shi da wannan. Zufar da ke damunmu a Idi-Araba da Mil 12 daga laimar teku take, da siminti da kwalta da suka cinye bishiyoyi, da ɗumamar duniya da hayaƙin mai da gawayi ke jawowa. Raguwar ozon ba ta ƙara zafin da jiki ke ji. Inda suka yi tarayya kawai shi ne gas ɗin firij yana ɓarna biyu: yana cin ozon, yana kuma riƙe zafi. Kilo ɗaya na gas ɗin sanyaya da ake kira R-22 yana riƙe zafin da ya ninka na kilo ɗaya na hayaƙin kabon kusan sau 1,800.

Me ya sa jimilla kaɗai ba ta isa ba?

Na'urar Dobson tana kallon rana ta gaya maka jimillar ozon daga ƙasa har ƙurewar sama. A nan Legas ma, a Oshodi, hukumar kula da yanayi ta fara irin wannan awo tun shekarun 1990. Amma jimilla kamar a ce maka mutum ɗari ne a gidan bene, ba a faɗa maka nawa ne a kowane hawa ba. Kilorin ya fi ɓarna a wajen kilomita 40, don haka can ne ake sa ran fara ganin sauƙi. A ƙasa-ƙasa kuma, wajen kilomita 18 zuwa 22, kai-komon iska ne ya fi tasiri. Ana iya samun ƙari a sama, ragi a ƙasa, jimilla ta nuna kamar ba abin da ya motsa.

Ga kuma girman abin da ake nema. Rahoton masana na 2022, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar, ya nuna ozon ta can sama tana ƙaruwa da abin da bai wuce kashi 1 zuwa 2 da ɗoriya cikin 100 ba a duk shekara goma. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikelin 'yan gwangwan ya san ma'anar wannan. Idan kana neman bambancin kilo ɗaya a cikin ɗari, sikelin kuma yana zamewa da kilo biyu a hankali ba tare da kowa ya lura ba, to labarin da zai ba ka na sikelin ne, ba na kayan ba.

Yadda laida ke aiki

Laida na'ura ce da ke auna ozon hawa-hawa daga ƙasa, kuma ƙanwar rada ce. Rada tana aika siginar rediyo ta jira dawowarta, laida tana aika hasken leza. Ana harba hasken miƙe sama cikin dare, ba a jere kamar tocila ba, a gutsure-gutsure, sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya. Yayin da kowane gutsure ke haurawa, ƙwayoyin iska suna watso ɗan kaɗan daga cikinsa baya. A ƙasa akwai madubin hangen nesa, faɗinsa kusan mita ɗaya a tashoshi da yawa, yana tattara abin da ya dawo ya miƙa wa na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya.

Ta yaya ake sanin daga wane tsayi hasken ya dawo? Daga lokacin da ya ɗauka. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Wanda ya je kilomita 30 ya dawo ya yi tafiyar kilomita 60, wato kashi ɗaya cikin 5,000 na daƙiƙa. Agogon na'urar yana yanka lokaci ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya zama hawa guda na sama.

Hikimar tana wurin aika haske iri biyu. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango, mita 25 ko mita 49. Haske ma yana da zangonsa, sai dai da nanomita ake auna shi, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ana aika ɗaya a kan nanomita 308, wanda ozon ke haɗiyewa, da wani a kan 355, ko 353 a wasu tashoshin, wanda kusan ba ruwanta da shi. A ɗauka ka tura yara biyu hanya ɗaya da kuɗi daidai, ɗaya ana karɓar haraji a hannunsa a kowane shinge, ɗaya ba a karɓa, amma duk suna biyan kuɗin mota iri ɗaya. Idan kana duba aljihunsu a kowane zango, bambancin da ke ƙaruwa tsakaninsu zai nuna maka inda shingayen suka fi yawa. Inda hasken 308 ya fi saurin dusashewa a kan ɗan'uwansa, nan ozon ta fi kauri.

Abin da ya fi burge ni a dabarar shi ne ba ta dogara da ƙarfin lezar ba. Ko leza ta tsufa ta rage haske, ko ƙura ta hau madubi, lissafin yana kallon yadda rabon hasken biyu ke sauyawa daga hawa zuwa hawa ne, ba yawansu ba. Shi ya sa ake cewa na'urar tana daidaita kanta, shi ya sa kuma ake jingina da ita wajen bin sauyin shekara talatin. Ana tara awon na sa'o'i biyu zuwa huɗu a dare guda, a fitar da jadawalin ozon daga wajen kilomita 15 zuwa 45 ko 50.

Tashoshin ba su da yawa. Akwai ta Haute-Provence a kudancin Faransa da ke aiki tun tsakiyar shekarun 1980, da ta Hohenpeissenberg a Jamus tun 1987, da ta Table Mountain a Kalifoniya, da ta dutsen Mauna Loa a Hawai, da ta Lauder a Niyu Zilan, da ta tsibirin Reunion a tekun Indiya. Dukansu suna ƙarƙashin wata haɗaka da ta fara aiki a 1991, wadda yanzu ake kira NDACC.

Inda awon ke iya kaucewa

Daidaita kai ba ya nufin ba a kuskure. Matsala ta farko ita ce hasken da ke dawowa daga kusa ya fi na nesa ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Ka tuna yadda fitilar babbar mota ke dallare maka ido a titin Apapa da dare, ta wuce amma ka ɗauki ɗan lokaci ba ka gani sosai. Haka na'urar ƙirga ke yi. Idan haske ya yi mata yawa sai ta tsallake wasu ƙwayoyin, bayan nan kuma ta ci gaba da ƙirga na bogi, daidai lokacin da raunannen haske daga kilomita 45 ke isowa. Maganin da ake yi shi ne a sa wani faifai mai juyawa da sauri ya toshe mata ido har hasken kusa ya wuce, a kuma raba awon gida biyu, na ƙasa da na sama.

Ta biyu, can sama iska ta yi siriri. A wajen kilomita 48 nauyinta kusan kashi ɗaya cikin dubu ne na wanda ke ƙasa, abin da ke dawowa ƙalilan ne, sai an cire hasken taurari da wata da fitilun gari daga ciki. Don haka rashin tabbas da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba a kilomita 25 yana iya haura kashi 10 a ƙurewar awon. Masu aikin suna rage shi ta hanyar haɗe hawa da yawa su zama ɗaya, amma sai a rasa ƙananan bayanai.

Ta uku, lissafin yana bukatar a san yawan hasken 308 da ƙwayar ozon guda ke haɗiyewa. A ɗakin gwaji ake auno wannan adadi, kuma yana sauyawa da sanyi ko zafin iska. Idan aka yi kuskuren kashi 2 a nan, duk tashoshin da suka ɗauki adadin za su yi kuskure iri ɗaya, kwatanta su da juna ba zai tona shi ba.

Ta huɗu ita ce ƙura da toka. A Yuni 1991 dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta ya cika hawan da ozon take da ɗigon sinadarin farar wuta. Waɗannan ɗigo suna watsa haske iri biyun ba daidai ba, lissafi ya rikice a ƙasan kilomita 25 zuwa 30. Masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka ɓullo da wata hanya: maimakon kama hasken da ya dawo a zangonsa na asali, sai a kama wanda ya bugi ƙwayar naitirojin ya sauya zango, 308 ya koma 332, 355 ya koma 387. Toka ba ta iya wannan sauyi, don haka yawancin ruɗaninta ya fita. Hasken ya fi rauni sosai, amma ya fi tsabta.

Yadda ake tantance gaskiyar awon

Mudu ba ya shaidar kansa. A kasuwa idan aka yi shakkar tiyar wani, ta maƙwabcinsa ake ɗaukowa. A nan ma haka ne, kuma nan ne na fi ganin darajar aikin.

NASA tana da laida da aka girka cikin tirela, ana ɗaukar ta a jirgin ruwa ko a mota zuwa tashar da za a gwada, a ajiye ta gefen ta gida, su kalli sama ɗaya a dare ɗaya na tsawon makonni. An yi haka a Table Mountain a 1989, a Mauna Loa da Lauder a 1995, a Haute-Provence a 2017 da 2018. Akan naɗa alƙali daga wata cibiya daban. Kowane ɓangare yana miƙa masa sakamakonsa a rufe, ba ya ganin na ɗaya ɓangaren sai an gama, don kada wani ya gyara lissafinsa ya dace da na abokinsa ko da ba da niyya ba.

A cikin waɗannan darare ana sakin balan-balan ɗauke da ɗan akwatin da ke zuƙo iska ya tura ta cikin ruwan sinadarin aidin. Ozon tana haifar da 'yar wutar lantarki a ruwan, a aiko da adadin ta rediyo har balan-balan ɗin ya fashe a kilomita 30 zuwa 35. Wannan hanya ba ta haɗa komai da leza ba, shi ya sa dacewarsu ke da nauyi. Sai kuma taurarin ɗan'adam: SAGE II da ya yi aiki daga 1984 zuwa 2005, da na'urar MLS a kan tauraron Aura da aka harba a 2004, da SAGE III da aka ɗora a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017. Tsakanin kilomita 20 da 35 galibi bambancin awonsu da na laida bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, sau da yawa ƙasa da haka. A ƙasa da wannan da kuma sama da kilomita 40 tazarar tana buɗewa.

Ko a nan sai an yi hattara. Iska tana kwashe balan-balan ta kai shi gomman kilomitoci daga tasha. Tauraro yana wucewa a wata sa'a daban, yana kuma ba da matsakaicin awon ɗaruruwan kilomitoci. Ba kowane bambanci ne laifin na'ura ba. Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar sama ko kaɗan: a ƙirƙiri sigina a kwamfuta wadda aka riga aka san yawan ozon da ke cikinta, a rarraba wa tashoshi, a ga manhajar wa za ta dawo da amsar daidai.

Binciken yana tafiya ta kowane ɓangare. Bayan 2013 an gano wasu tashoshin balan-balan sun fara ba da awon da ya gaza da kashi kaɗan cikin ɗari, kuma kwatanta su da sauran na'urori ne ya fallasa haka. Taurari ma suna zamewa yayin da suke tsufa a sama inda ba mai zuwa ya goge musu ido, dogon tarihin laida ne ke nuna zamewar.

Ramin da aka ce yana kanmu

Abin da yaron Alhaji ya gani ya samo asali ne daga wata maƙala da wani masani a Jami'ar Waterloo ta Kanada ya wallafa a Yuli 2022. Ya ce akwai rami a saman ƙasashe masu zafi duk tsawon shekara, wanda ya ninka na Antatika sau bakwai. Masanan ozon da dama suka yi watsi da ita. Hujjarsu ita ce ya sauya ma'anar "rami" zuwa ragin kashi 25 cikin 100, sannan ya kwatanta yau da shekarun 1960, lokacin da awon da aka yi a yankinmu bai taka kara ya karya ba. Awon taurari da na balan-balan na shekaru arba'in bai nuna irin wannan faɗuwa ba. Ni ma ina tare da su.

Amma akwai gardama ta gaskiya da ta rage. Dama can jimillar ozon a yankinmu ba ta da yawa, galibi 250 zuwa 280, domin a nan ake samar da ita amma iska tana kwashe ta zuwa arewa da kudancin duniya. Wasu bincike tun 2018 sun nuna alamar tana ɗan raguwa a ƙasan hawan, wajen kilomita 20. Wasu na ganin ɗumamar duniya ce ke hanzarta kwashewar, wasu na ganin hawa da saukar shekara-shekara ne kawai. Abin takaicin shi ne wannan tsayi da wannan yanki su ne inda awo ya fi rauni kuma tashoshi suka fi ƙaranci.

Ina muka tsaya a Legas?

Awon hawa-hawa mafi kusa da mu da aka yi a jere shi ne na balan-balan a Kwatano, daga ƙarshen 2004 zuwa farkon 2007. Nairobi da Irene ta Afirka ta Kudu da tsibirin Ascension suna cikin haɗakar tashoshin balan-balan ta SHADOZ da aka kafa a 1998. Abin da muka sani game da saman Legas yawanci daga taurarin da aka tantance a saman wasu ƙasashe yake. A ganina Legas ba wurin laida ba ce: girgije a damina, hazo a hunturu, fitilu, ga matsalar wuta. Tudun Jos ya fi dacewa. Kafin nan ma, sakin balan-balan sau biyu a wata ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma jami'o'inmu za su iya.

Ga mai aiki a rana, ɗan dako a Mil 12 ko mai tura ruwa a Obalende, hasken UV a nan mai ƙarfi ne ko da rami ko babu, saboda rana a tsakar ka take. Malafa da riga mai dogon hannu suna da amfani na gaske, musamman ga 'yan'uwanmu zabaya da sankarar fata ke yi wa illa.

Ga Alhaji da abokan sana'arsa kuma, hasashen 2022 shi ne ozon za ta koma yadda take a 1980 a wajen 2040 a yawancin duniya, 2045 a ƙuryar arewacin duniya, 2066 a Antatika, idan aka ci gaba da bin yarjejeniya. Jinkirin daga daɗewar gas ɗin ne, R-12, wato CFC na tsofaffin firij, yana kai shekara ɗari a sama. An daina samar da shi ga ƙasashe irin namu tun 2010, R-22 na tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki wa'adinsa 2030, R-134a da R-410A da suka maye gurbinsu ba sa cin ozon amma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa su a layin ragewa saboda suna riƙe zafi. R-600a da ke cikin sababbin firij yana kama wuta, ba a kusantar da shi da wutar walda sai an tabbatar bututun ya wofinta. Da na koma karɓar firij ɗina na zayyana masa wannan, sai ya nuna mini tarin tsofaffin kwamfireso da 'yan gwangwan suka kawo a bayan shago, duk an yanke bututunsu da zarto gas ɗin ya tsere. Ya ce injin zuƙe gas a adana shi ya taɓa gani a wajen wani horo, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin shago ɗaya, sai dai ko ƙungiyarsu ta haɗa hannu ta saya.